Kotun talabijin daban, kotun gaske daban

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a California. Na ba wani mai gyaran gida dala 3,000 kafin alƙalami don ya sake mini tayil ɗin kicin. Ya farfasa rabin daɓen ya tafi, yanzu ko waya ba ya ɗauka. A shirin Judge Judy na ga cikin minti goma ake ba mutum haƙƙinsa. Haka kotun ƙananan ƙararraki take? In kai shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Ki kai shi, haƙƙinki ne. Amma ki cire hoton talabijin daga ranki tukuna.

Judith Sheindlin, wato Judge Judy, ta taɓa zama alƙaliya a kotun iyali ta New York, amma a shirin da ta yi daga 1996 zuwa 2021 ba kujerar gwamnati take kai ba. Masu jayayyar kan janye ƙararsu daga kotu, su sa hannu cewa sun yarda ta raba musu gardama. Kuɗin da ta yanke kuwa, wanda ba ya wuce dala 5,000, masu shirin ne ke biya daga aljihunsu.

A kotun gaske za ki zauna a benci cikin jama'a kina jiran a kira sunanki, wataƙila ma a fara tura ku wajen mai sasanci. Lauya ba ya tsaya wa kowa a wannan kotu a California. Mutum zai iya neman har dala 12,500, kuɗin shigar da ƙara irin taki kuma dala 50 ne. Kafin nan ki rubuta masa takarda kina neman kuɗinki, ki ajiye kwafi. Sammaci kuma wani baligi ne zai kai masa, ba ke ba.

Alƙali ba shi da lokacin dogon labari. Ki buga saƙonnin da kuka yi a takarda, ki haɗa da shaidar biya daga banki, da hotunan daɓen nan da ya bar miki a farfashe, da kiyasin wani ma'aikacin kan abin da gyaran zai ci.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan hukunci, don nan ne mutane ke karaya. Ko kin ci shari'a, takarda za a ba ki, kotu ba ta karɓo miki ko sisi. In ya ƙi biya, ke za ki nemi izinin a yanki albashinsa ko a taɓa asusunsa na banki. Hukuncin yana aiki har shekara 10. Saboda haka tun yau ki bincika ko yana da lasisi. In yana da shi, doka ta wajabta masa ajiye lamuni na dala 25,000, wato jingina don biyan wanda ya cuta, kuma kina iya neman haƙƙinki daga ciki. Ki kuma gaya wa alƙali adadin da ya karɓa, domin dokar jihar ta hana mai gyaran gida karɓar kafin alƙalami fiye da dala 1,000 ko kashi 10 cikin 100 na kuɗin aikin, duk wanda ya fi ƙanƙanta.