Yawan masu sayar da hannun jarin aro a kamfanin SPAC

Ka tambaya ko yawan masu aron hannun jari su sayar, da fatan su sake saye da araha su mayar, alama ce farashi zai faɗi. Ba lallai ba. Kamfanin SPAC, wanda ake kafawa don ya tara kuɗi ya haɗe da wani kamfani, ba ya sana'ar komai, kuɗi ne kawai a asusun amana, yawanci dala 10 kan kowane hannun jari, kuma kafin ya haɗe da wani kamfani kana iya karɓar kuɗinka. To ina zai gangara? Rigimar tana bayan nan. Mutane na janye kuɗinsu, hannayen jarin da ke kasuwa su ragu, kuɗin aro ya hau, farashi ya yi tsalle, masu aro su shiga rige-rigen saye don su mayar. Alƙaluman masu aron da FINRA, ƙungiyar da ke sa ido kan dillalan hannun jari a Amurka, ke fitarwa ma sau biyu a wata ake tattarawa, kafin ka gani sun tsufa.