Feloda: ka sayi naka ko ka ɗauko haya?

Wani Alhaji mai sana'ar yashi da tsakuwa a Gombe ya turo tambaya, yace lodi da shebur na cinye masa rana, dillali kuma ya kawo masa tallan feloda na hannu, shine yake so ya san menene ma feloda ɗin, kuma ya saya ko ya haƙura.

Alhaji, asalin sunan nan fa sunan hajar wani kamfani ne. Wani Ba'amurke mai suna Frank Hough a garin Libertyville, jihar Illinois, shi ya fito da motar lodi mai taya da bokiti a gaba a 1939, ya sa mata Payloader, daga kalmarsu ta kayan da mota ke ɗauka a biya ta. A 1952 kamfanin International Harvester ya saye kamfanin Hough ɗin, amma sunan ya riga ya kama bakin mutane har ya iso mana, kamar yadda kowane garin sabulu muke ce masa Omo.

To kaga in dillali yace maka "feloda ne" wallahi bai faɗa maka komai ba tukuna. Caterpillar ne, irin su 950 ko 966, ko Komatsu, ko na China kamar XCMG da SDLG? Awa nawa injin yayi, haidrolik na yoyo ko baya yi, in famfo ya mutu a ina zaka samu wani, nan Gombe ko sai an aika Kano ko Legas motar na zaune kana biyan direba da mai gadi a banza. Tayoyin ma ka duba su da kyau, guda ɗaya ba ƙaramin kuɗi bane.

Ni dai ban goyi bayan ka zuba jarinka gaba ɗaya a ƙarfe ba. Ka fara da haya na wata biyu ko uku, ka rubuta tifa nawa kake lodawa a rana, dizal nawa yake sha, ka kwatanta da abinda kake ba 'yan lodi. Kar ka manta da damina, in kogi ya cika a wajen Dadin Kowa ɗiban yashi ja baya yake. Su ma yaran nan masu shebur da iyali suke ci, ka nema musu wani gurbi a wajen aikin.

In lissafin ya nuna a saya, ka tafi da makanikenka, ba na dillali ba, a loda tifa a gabanka kafin ka biya ko sisi.