Amsa ga mai tambayar zuwa Legas da iyali

Wa'alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka tun da safe, hidimar shago ce ta hana ni zama sai yanzu. Ka ce kana so ka kai maiɗakinka da yara biyu Legas a hutun makaranta, kwana biyar, ba ka taɓa wuce Lakwaja ba, kuma mutane sun cika maka kunne da cewa garin ba wurin zuwa yawo ba ne. Ni ɗan nan Kaduna ne, kayan gyaran mota nake sarowa, shekara da shekaru ina bin hanyar nan. Sau biyu kuma na je da iyalina takanas don su ga gari. To ga abin da na sani.

Abu na farko, a Legas ba a auna nisa da kilomita, da awa ake aunawa. A nan in ka taso daga Kawo za ka Kakuri ka san lokacin da za ka isa. A can tafiya irin wannan tana iya cin minti ashirin da asuba, ta ci awa uku da yamma. Dalili kuwa ruwa ne ya raba garin: akwai ɓangaren tudu inda Ikeja, Agege, Yaba da Surulere suke, akwai tsibirai inda Marina, Ikoyi da Victoria Island suke, kuma gadoji uku ne suka haɗa su, Carter, Eko da Third Mainland. Da safe kowa ya nufi tsibiri, da yamma kowa ya nufi gida. Na taɓa rasa jirgin dawowa saboda na baro kasuwar Balogun da ke tsibiri ƙarfe uku ina cewa ai jirgi sai bakwai. Ina cikin gosulo na ji lokacin tashinsa ya yi. Saboda haka wuri ɗaya ko biyu a rana ya ishe ka, kuma ka kama masauki kusa da inda za ku fi zuwa, ko da ya ɗan fi tsada. Arahar da ka samu a ɗaki mai nisa, mota za ta cinye ta.

Maganar tafiya, da yara ban ba ka shawarar motar dare ba. In aljihu ya yarda ku bi jirgin sama. In ba haka ba ku raba tafiyar, ku kwana a hanya, daga Ibadan kuma akwai jirgin ƙasa da ke tashi a tashar Moniya ya sauke ku Ebute Metta, irin namu ne na Rigasa zuwa Idu, a 2021 ya fara aiki.

Yanzu ga inda na fi so in tsaya. Mu mutanen tudu, abin da Legas take da shi wanda babu a Kaduna, babu a Abuja, babu a Kano, shi ne teku. Manyan kantuna da dogayen benaye duk ka gan su a wani wuri. Ranar da na fara kai yarana bakin teku, ƙaramar riƙe min riga ta yi tana tambaya ina ɗaya gaɓar. Ita kogin Kaduna ta sani, wanda in ka tsaya a Gamji kana hango mutanen tsallake. Babban kuwa ɗanɗana ruwan ya yi ya tofar, ya ce wa ya zuba gishiri. Wannan ranar kaɗai ta biya kuɗin tafiyar.

Kada ka nufi Apapa kai tsaye da sunan za ka nuna musu tashar jiragen ruwa. Ba wurin kallo ba ne, ba za a bar ka ka shiga ba tare da dalili ba, hanyar kuma tireloli da tankoki sun cika ta. Mu da aiki ke kai mu ma da addu'a muke shiga. Dabarar ita ce ka kalli tashar daga kan ruwa. Ku hau jirgin fasinja daga Marina, ko kwale-kwalen inji mai zuwa Tarkwa Bay, wani bakin teku da ba a zuwa sai ta ruwa. A nan za ku ga manyan jiragen dakon kaya an jibga musu kwantenoni kamar an ɗora unguwa guda a kan ruwa. Sai ka gaya wa yara cewa da yawa daga kayan da suke gani a kasuwar Sheikh Gumi ta wannan mashiga suka shigo ƙasar. Tin Can, tasha ta biyu, an buɗe ta a 1977, sabuwar ta Lekki mai zurfi kuma a 2023, can kusa da matatar man Ɗangote. Sharaɗi ɗaya ba na sassautawa: kowa ya sa rigar kariya kafin inji ya tashi, kuma ku dawo da sauran rana. A bakin teku ma kada yaro ya shiga ruwan da ya wuce idon sawu. Igiyar ruwan nan tana janye ƙasa daga ƙarƙashin ƙafarka, wanda ya iya iyo a rafi bai iya komai ba a wurin. Ka kuma zaɓi ranar aiki da safe. Asabar da Lahadi da yamma akwai kiɗa da shigar da ba za ka so ka zauna da iyalinka a ciki ba.

Rana guda ka ba wa tsibirin Legas. Ka fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, wanda aka buɗe a 1957. A nan motar da aka kashe Janar Murtala a cikinta take, ranar 13 ga Fabrairun 1976, da hudar harsasai a jikinta. Na ga dattawa sun tsaya gabanta sun yi shiru. Akwai kuma kayan Nok, tsoffin mutum-mutumin yumɓu waɗanda daga kudancin jiharmu aka tono su; abin kunya, ni sai da na je Ikko na fara ganin su da idona. Daga nan ƙafa za ta kai ku dandalin Tafawa Ɓalewa, inda aka yi bikin karɓar mulkin kai a 1960, lokacin filin sukuwa ne. Gaba kaɗan akwai Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawa da aka mayar wurin shaƙatawa. Azahar ku yi ta a babban masallacin Legas da ke titin Nnamdi Azikiwe, in da hali ku leƙa masallacin Shitta-Bey, wanda yake tsaye tun 1894. Masu cewa a kudu sai ka sha wahalar neman wurin salla ba su san Legas ba. Kasuwar Balogun na nan kusa, amma ka bar yara a masauki in uwargida za ta shiga neman leshi, don turmutsitsin ba na yara ba ne.

Lekki Conservation Centre yara za su so shi, daji ne a tsakiyar gari, ga birai, ga gadar igiya a saman bishiyoyi mai tsawon mita 401. Ni sau ɗaya na hau ban ƙara ba. Ana hana ƙananan yara hawa, kuma birai na fizge abinci a hannu. Badagry kuwa, inda a da ake loda bayi a jirgi, kuma inda benen 1845 da ake kira na farko a Najeriya yake, wuri ne mai taɓa zuciya, amma yini guda yake ci. A kwana biyar da yara, ni zan bar shi sai wani zuwan.

Zirga-zirga a cikin gari, ka nemi katin Cowry, da shi ake hawa manyan motocin bas na BRT da jirgin ƙasan Blue Line da ke tashi daga Marina zuwa Mile 2, yana bi ta saman ruwa ya wuce ta gaban National Theatre mai kama da hular soja. Danfo, motocin nan masu ruwan ɗorawa, ka bar wa 'yan gari: kwandasta na kiran sunan tasha da sauri, kafin ka gane an wuce. Kada ka tsayar da motar da ba ka sani ba a bakin titi, musamman da dare, 'yan wan cans, ɓarayin da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota, gaskiya ne. Ka kira mota ta waya ko ka hau a tasha. An hana acaɓa a unguwanni da dama tun 2022, kada ka dogara da shi.

Batun tsoro da aka cusa maka, mutanen Legas ba mugaye ba ne, sauri ne da su. Ba su da lokacin doguwar gaisuwa, magana da ƙarfi kuma ba faɗa ba ne a wurinsu. Waya a aljihun gaba, kada ka tsaya kallon sama a tsakiyar hanya, shi ke nan. In kewar gida ta kama ku, ku je Agege ko Idi-Araba ko Obalende, za ku ji Hausa kamar kuna Tudun Wada, ga tuwo, ga masa, ga tsire. A Mile 12 ma tumatir da albasar da ake saukewa daga wajenmu suke zuwa, da wuya ka zaga ba ka haɗu da wanda ya san wani naka ba.

Sai lokaci. Yuni da Yuli ruwan sama na tsayar da gari, wasu titunan Lekki har su cika. Disamba kuma masauki da tikiti na tashi saboda masu dawowa daga waje. In hutun Agusta kake nufi, ruwa yakan ɗan tsagaita, amma ku tafi da laima. Zafin can mai gumi ne, shadda mai sitaci ba za ta yi maka rana ba, ka ɗauki yadi mara nauyi.

Ka faɗa min shekarun yaran da ranar da kake son tashi, sai in gaya maka unguwar da ta fi dacewa ku sauka. Allah Ya kai ku lafiya.