Tambaya da Amsa: Madhav Prasad Ghimire ne ya rubuta taken ƙasar Nepal?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibin adabi ne. Na ji ana kiran Madhav Prasad Ghimire mawaƙin ƙasa na Nepal. Shin shi ya rubuta taken ƙasarsu? Kuma na ga wani wuri an ce an haife shi a 1919, wani wurin kuma 1976. Wanne ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba shi ya rubuta ba. Taken da Nepal take amfani da shi tun 2007 rubutun Byakul Maila ne, Amber Gurung ya sa masa kiɗa. Laƙabin mawaƙin ƙasa karramawa ce da gwamnati ta yi wa Ghimire a 2003, kuma abin da ke rikita mutane shi ne yana da waƙoƙin kishin ƙasa da yara ke rerawa a makarantu, irin su "Gaunchha Geeta Nepali".

Shekarun nan biyu duk daidai ne. Nepal tana aiki da kalandar Bikram Sambat, wadda sabuwar shekararta ke kamawa a tsakiyar Afrilu. Daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Disamba ka cire 57 ka sami shekarar Miladiyya, daga Janairu zuwa tsakiyar Afrilu kuma ka cire 56. An haife shi ranar 23 ga Satumba, saboda haka 1976 a cire 57 ya ba da 1919. Ya rasu a Kathmandu ranar 18 ga Agusta, 2020, wato 2077 a nasu lissafin, saura kaɗan ya cika shekara 101.

Ɗan ƙauyen Pustun ne a gundumar Lamjung, kuma mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami. Ya karanta Sanskrit, tsohon harshen Indiya, a Kathmandu da Banaras ta Indiya, ya yi aikin edita a jaridar Gorkhapatra, daga baya ya shugabanci cibiyar adabi ta ƙasa daga 1988 zuwa 1990.

Amma abin da ya ɗaga sunansa shi ne kari, wato ma'aunin waƙa, kuma a nan ɗalibin waƙar Hausa ba baƙo ba ne. Yadda marubutanmu suka ɗauki arulin Larabci suna auna gaɓa mai nauyi da marar nauyi, haka mawaƙan Nepal suka ɗauki ma'aunan Sanskrit. Dubi wanda ake kira Shardulavikridita, wanda da shi Ghimire ya gina waƙarsa "Gauri": baiti ɗango huɗu ne, kowane ɗango gaɓa 19, ana tsayawa bayan gaɓa ta 12, sannan a ƙarasa bakwai ɗin. Gaɓa ukun farko dole su zama masu nauyi, biyu na biye marasa nauyi, haka kowace gaɓa da gurbinta har ƙarshe. Gaɓa tana yin nauyi idan wasalinta dogo ne, ko baƙaƙe biyu suka biyo bayansa.

Ga inda ake tuntuɓe. A maganar yau da kullum mutanen Nepal ba sa bambanta dogon "i" ko "u" da gajere, a rubutu kaɗai bambancin ya rage. Mawaƙi kuwa da rubutun yake auna ɗango, don haka mai rerawa sai ya ja wasalin da ba ya ja a hira. Haka kuma akwai gajeren "a" na ƙarshen kalma da ake haɗiyewa a magana. A rera waƙa dole a fito da shi, in ba haka ba ɗango ya rasa gaɓa, karin ya karye. Gwanintar Ghimire ita ce ya zuba kalmomin gida, na manoma da mutanen tsauni, cikin wannan matsattsen ma'auni ba tare da an ji an tilasta su ba. Shi ya sa duk wanda ya karanta shi a fassara kawai zai iya cewa ina abin yabon yake. Fassara tana kawo ma'ana, karin kuwa a can yake zama.

"Gauri" marsiyya ce da ya yi wa matarsa ta fari, wadda ta rasu da ƙuruciya ta bar masa ƙananan 'ya'ya mata, kuma a ganina da ita ya kamata ka fara, amma ka nemi sautin rerawarta kafin fassarar. Sai "Malati Mangale", wasan kwaikwayo na waƙa a kan soyayyar bayi biyu, a ƙasar da ba a haramta bauta ba sai a shekarun 1920. A waƙoƙin da aka sa wa kiɗa kuwa yakan sassauta, ya karkata ga karin gargajiya na ƙauye. Wannan hanya mawaƙi Laxmi Prasad Devkota ya riga shi buɗe ta da "Muna Madan" a 1936, don haka in kwatanci za ka yi a aikinka, shi ne abokin gwaminsa.