Ga mai tambaya kan hutun mako guda a Ruwanda

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, cewa ke da maigida kuna shirin zuwa Ruwanda hutun mako guda, amma kina ganin gara ku yi zamanku a Kigali saboda tsoron abinci da wurin salla idan kun fita karkara. Mun yi wannan tafiyar ni da Abban yara daga nan Jos, kuma in dai shawarata za ki bi, kwana biyu ya ishe ku a Kigali. Sauran ku kai su bakin tafkin Kivu, ku zauna wuri guda.

Shiga ƙasar ba wahala. Mai fasfon Najeriya ana buga masa izinin kwana 30 a filin jirgi ba tare da biyan kuɗin biza ba, sai dai ki riƙe katinki na rigakafin shawara. Agogonsu yana gaba da namu da awa ɗaya. Sun hana leda tun 2008, kuma ba wasa suke yi ba. Ni da na ƙulle yaji da garin kunu da ƙuli-ƙuli kowanne a baƙar ledarsa, sai da na tsuguna ina juye su a robar abinci mutane suna wucewa. Ki zuba komai a roba mai murfi tun daga gida.

A Kigali ku nemi masauki kusa da Nyamirambo. Nan ne unguwar Musulmi, za ki ji kiran salla, ga masallatai, ga masu shayi da capati da gasasshen naman akuya a Biryogo. Ku leƙa kasuwar Kimironko, amma ku yi ciniki kamar kuna kasuwar Taminus ta Jos. Ɗan acaɓarsu kowa yana da hular kwano ta biyu don fasinja, kuma ba zai tashi ba sai kin saka, ko da a kan hijabi ne. Gidan tunawa da kisan ƙare-dangin 1994 da ke Gisozi kuwa, inda aka binne mutum fiye da 250,000, ku je da safe, kada ku shirya wani yawo a bayansa. Mu da muka ga rikicin Jos na 2001 da 2008, ban iya ƙarasa ɗakin da aka jera hotunan yara ba. Kuma don Allah ki ja kunnen maigida, kada ya tambayi kowa ko shi Hutu ne ko Tutsi. Ba a yin wannan tambayar a can.

Ki duba kalanda kafin ku tsara ranar barin gari. Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata suna aikin gayya na ƙasa baki ɗaya da suke kira Umuganda, shaguna a rufe, motoci a tsaye har wajen ƙarfe 11. Mu ba mu sani ba, muka yi sammako da jakunkuna muka ƙare da zama a barandar masauki muna kallon mutane suna gyaran kwata.

Daga tashar Nyabugogo a Kigali muka hau bas zuwa Karongi da ke bakin tafkin Kivu, tafiyar kamar awa uku. Kin san Hawan Kibo na hanyar Jos? To ki ɗauka ana ta maimaita miki shi har ku isa. Titin lafiya lau, direbobin ba sa gudu, amma kwana ce bayan kwana, hawa bayan gangara. In kina amai a mota ki sha magani, ki zauna ta taga. Abin da ya hana ni runtse ido shi ne gonakin. Ba tudun da aka bari, kowanne an yanka shi hawa-hawa tun daga gindi har ƙoli, ayaba a nan, wake a can. Abban yara da ya taso yana zuwa gonar dankali a Bokkos, shiru ya yi yana kallo, can ya ce, "Mu da muke da fili shimfiɗe, me muke yi da shi?"

Kwana biyu muka yi a Karongi, kuma su ne hutun. Ba wani abin a-zo-a-gani muka yi ba. Da safe shayi a bakin ruwa, da hantsi mu taka cikin gonaki yara suna binmu suna dariya, mu ce "muraho" su amsa, hirar ta ƙare a nan. Da yamma liƙis masunta suke fita, jiragensu uku-uku a haɗe da dogayen sanduna, suna tuƙi suna waƙa baki ɗaya. In duhu ya yi sai ki ga fitilunsu jere a tsakiyar tafki kamar wani gari ne a can. Ƙananan kifin da suke kamowa, isambaza, shi ake soyawa ƙarau a kawo da dankali da lemon tsami. Rabon da mu zauna mu biyu mu yi hira ba yaro ya katse mu, ba waya ta yi ƙara, tun kafin haihuwata ta fari.

Batun abinci da kike tsoro, gaskiya ne Musulmi ba su da yawa a ƙauyukan, don haka mun bar nama sai da muka dawo Nyamirambo. Kifi, ƙwai, wake, dankali, ayaba dafaffiya, madara, babu ranar da muka kwana da yunwa. Kalma ɗaya ki haddace: akabenzi, naman alade ne. In kin gan ta a rubuce, ki wuce. Girkinsu ba yaji, nan yajina ya yi rana. Suna da wani man barkono a ƙaramar kwalba, Akabanga, ɗigo biyu kawai, kada ki yi masa zubin manja.

Salla kuwa ga darduma ga ƙasaru, sai dai alƙibla. Mu mun saba da "gabas", har kalmar ta zame mana alƙibla. A can Makka tana arewa ne da ɗan karkata gabas. Asubar farko a Karongi oga ya fuskanci inda gari ke wayewa da ƙarfin gwiwarsa, ni ma na bi shi, sai bayan mun sallame na duba waya. Har yau ina tsokanarsa.

Kuskurenmu Musanze ne. Kin san halin mazanmu, tunda an biya kuɗin jirgi sai an ga ko'ina. Muka bar bakin ruwa muka yini a mota don kwana ɗaya tak a gindin duwatsun aman wuta. Wurin yana da kyau, ƙasar dankali ce, ga samari suna gangarowa da buhuna a kan keke, ga sanyin dare irin na Jos a Disamba. Amma gwaggon birin da ake zuwa dominsa, farashin izinin ganinsa na asali dala 1,500 ne ga mutum ɗaya, dama ba mu da niyya. Muka kwana a gajiye, ina fushi yana fushi, da safe muka sake hawa mota. Da wannan daren a Karongi muka ƙara shi.

In kuna da zaɓin lokaci, Yuni zuwa Satumba ruwan sama ya fi sauƙi. Ku kauce wa makon 7 ga Afrilu, makon makokin ƙasa ne. Ku tafi da rigar sanyi da takalmi mai kama ƙasa, nawa mai santsi ne, sau biyu ina zama daɓas a gangaren gonar mutane.