Surukata ta ce zaluntar ɗana makaho nake yi, ina da zunubi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Yarona shekararsa 10, ƙyanda ce ta tafi da idonsa tun yana goye amma hankalinsa ras, har ya fi yayyensa riƙe karatu. Na fara barinsa yana wanka da kansa, ya sa kayansa, ya je shagon bakin layi ya siyo min magi, to rannan sai ya faɗa kwata ya ƙuje gwiwa, shi ne Hajiya uwar maigidana ta ce ni muguwa ce, wanda Allah ya ɗauke wa nauyi ni nake ɗora masa, wai sai Allah ya tambaye ni. Abin ya tsaya min a rai, dan Allah ina da zunubi?

AMSA: Wa alaikumus salam. Baiwar Allah ba ki da zunubi, lada ma kike samu in sha Allahu, wani sashe na abin da kike yi kuwa wajibi ne a kanki da mahaifinsa.

Hajiya tausayi ne ya sa ta faɗi haka, kuma ayar da take nufi gaskiya ce, Allah ya ce babu ƙunci a kan makaho, tana cikin Suratun Nur aya ta 61 da Suratul Fathi aya ta 17. Sai dai abin da aka ɗauke masa shi ne abin da sai da ido ake yinsa, kamar fita yaƙi. Sallah da azumi da tsarki duk suna kansa da zarar ya balaga tunda hankalinsa lafiya lau. To ki tambayi Hajiya cikin ladabi, nan da shekara huɗu ko biyar in ya balaga waye zai dinga shiga banɗaki yana masa tsarki da wankan janaba? Ke? Al'aurarsa fa a lokacin ba ta halatta ki gani sai da larura, mu kuma da hannunmu muke ƙirƙiro larurar in muka ƙi koya masa tun yanzu.

Muslim ya ruwaito wani makaho ya zo wajen Annabi (SAW) ya ce ba shi da ɗan jagora, a yi masa rangwame ya dinga sallah a gida, aka yi masa, da ya juya sai Annabi ya kira shi ya ce kana jin kiran sallah? Ya ce eh, ya ce to ka amsa. Wa ya kai Annabi tausayi? Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da Suratu Abasa ta sauka a kansa, ladani ne tare da Bilal, kuma Annabi ya sha barin shi a Madina yana jan mutane sallah in ya yi tafiya. Ga wani abu da nake so ki lura da shi a Bukhari, Abdullahi ba ya kiran sallar asuba sai an ce masa gari ya waye, gari ya waye. Kin ga ganin alfijir ɗin aka taya shi, kiran sallar shi ke yin abinsa. Haka za ki yi da naki, abin da sai da ido ki zame masa ido, sauran ki sakar masa.

Maganar kwata kuwa, nan Hajiya tana da ɗan gaskiya. Kar ki tura shi hanyar da ba ku bi tare ba, ku bi ta sau da yawa yana riƙe da sandarsa yana ƙirga taku, ya san ina kwatar take, ina 'yan acaɓa ke shan kwana, sai ki koma bin shi a baya, daga nan ki ƙyale shi. Titin mota ba yanzu ba. A ɗaki ma kar a dinga sauya wa buta da takalmansa waje. Duka ko gori in ya kasa, wannan shi ne zaluncin, Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya.

Ku sa shi makaranta, a Kano akwai ta masu buƙata ta musamman a Tudun Maliki, kuma har Alƙur'ani ana bugawa da rubutun makafi. Ni abin da ke ci min rai shi ne yaro mai ƙwaƙwalwa irin wannan a ƙare an miƙa masa ƙoƙon bara da ƙaninsa a gaba yana jan sanda, an kashe karatun yara biyu kenan.

Hukuncin yaron da larurarsa ta taɓa hankali daban ne, shi alƙalami a ɗauke yake a kansa gwargwadon larurar, duk da shi ma ana koya masa abin da zai iya. Sannan kar ki yi sa-in-sa da Hajiya, ki bar ɗanta ya yi mata bayani, in da hali a sa jikan ya yi alwala a gabanta ta gani.

Wallahu a'alam.