Tambaya da Amsa: Farar giyar inabin da ke kwana a gangar katako

Tambaya: Ina karatun aikin otal, kuma a darasin hidimar teburi an buƙaci mu san farar giyar inabi mai nauyi, wadda ake ajiyewa a gangar katako. Ni ba na shan giya, saboda haka ba ni da hanyar ɗanɗanawa. Da wane inabi ake yin ta, kuma wane abinci ne ya dace da ita? Daga wata ɗaliba, Jos.

Amsa: 'Yar'uwa, rashin sha ba zai hana ki ƙwarewa ba, domin yawancin abin da kike buƙata yana rubuce a jikin kwalba. Inabin da ya fi shahara a wannan fanni shi ne Chardonnay, wanda asalinsa yankin Burgundi ne a gabashin Faransa, inda ƙauyuka irin su Meursault da Puligny-Montrachet suka yi suna da shi. Amurkawa ma sun kama shi gadan-gadan, musamman bayan shekarar 1976, lokacin da alƙalai Faransawa suka ɗanɗana giya iri-iri a birnin Paris ba tare da ganin sunayensu ba, suka ba wa Chateau Montelena ta Kalifoniya matsayi na farko a cikin farare.

Sai dai abin da ya kamata ki riƙe shi ne, inabin kansa ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi. Yawancin nauyin da ake magana a kai aikin ganga ne da hannun mai haɗawa. Gangar Burgundi tana ɗaukar lita 228, da itacen oak ake yin ta, kuma sai an babbake cikinta da wuta kafin a zuba komai. Giyar takan yi watanni a ciki tana jan ƙamshin banila da na gasasshen burodi, kuma sabuwar ganga ta fi tsohuwa ba da wannan ƙamshi. A wannan zaman ne wasu ƙwayoyin halitta ke sauya tsaminta mai kaifi, irin na ɗanyen tuffa, ya koma mai laushi kamar na kindirmo, har ta riƙa ƙamshin man shanu. Shi ya sa Chablis, wadda ita ma Chardonnay ce daga Burgundi amma galibi ba ta jin sabon katako, take fitowa sakayau da tsami. Kada ki rikita Chablis da giyar mai nauyi a jarrabawa.

Game da abinci, nauyi da nauyi ake haɗawa. Gasasshiyar kaza da aka shafe da man shanu, kifi mai maiƙo kamar salmon, manyan jatan lande, ko taliya da miyar kirim da naman kaza, duk suna tafiya da ita, domin maiƙonsu ya yi daidai da laushinta. Ɗanyen ganye mai ruwan lemun tsami kuwa yakan dusashe ta. Barkono ne babban abokin gabarta: idan baƙo ya yi odar tsire mai yaji ko farfesu mai zafi, zafin zai ƙara fito da ƙunar barasa da ɗacin katakon, kuma a ganina gara ki faɗa masa haka cikin ladabi tun kafin a buɗe kwalbar.

Kada kuma ki kawo ta da sanyi ƙarara daga firiji, domin sanyi mai yawa yana rufe ƙamshin da aka biya kuɗi dominsa. Wajen digiri 12 zuwa 14 ya wadatar, a kofin gilashi mai faɗin ciki.